Amsa ga mai tambaya kan mitin ɗin Title I da fom ɗin da makaranta ta aiko

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki tun jiya da daddare ina wajen aiki ban samu zama ba sai yanzu, ki yi haƙuri zai ɗan yi tsawo dan nima ta nan na bi. Kin ce yarinyarki ta dawo da takardu biyu a jaka, ɗaya ana gayyatar iyaye mitin ɗin Title I, wato shirin kuɗin da gwamnatin Amurka ke ba makarantun da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi suka yi yawa, ɗaya kuma fom ne ana tambayar nawa ke shigo muku a gida, maigida ya ce kar a cika kar kuma a je tunda takardunsa na zaman ƙasa ba su gama fitowa ba, sannan wata ta ce miki ai makarantar matalauta ce ki cire yarinyar. Toh ni dai shawarata ki cika, ki je, kuma kar ki cire ta saboda sunan nan kawai.

Shekarata goma sha ɗaya a Bronx, wani yanki na birnin New York, yara uku na saka a makarantar gwamnati, duka kuma Title I ne, babban yanzu yana sakandare. Farkon zuwana ina jin an ce mitin ɗin iyaye sai gabana ya faɗi, dan a gida kin san PTA ba a kiranki sai za a yanka kuɗi, yau na katanga gobe na benci jibi na alli. Shine na ɗauka nan ma haka ne na dinga jefa takardun a shara kusan shekara biyu. Ashe nan akasin haka ne, kuɗi ne aka turo, doka kuma ta ce sai an zauna da iyaye kan wani ɓangare nasa.

Bari in ɗan warware miki yanda abin yake. Makarantun gwamnati a Amurka ba gwamnatin tarayya ke riƙe da su ba yanda muke zato, mafi yawan kuɗin daga jiha yake zuwa da kuma garin da kike, a wurare da yawa daga harajin gidaje, kinga kenan unguwar da gidajenta ke da tsada makarantarta ta fi samu, ta talaka kuma sai abin da Allah ya yi. Abin da tarayya ke sakawa bai wuce wajen kashi goma cikin ɗari ba. Title I ɗin nan, taitil wan ake faɗa, shine babban kaso a cikin na tarayyar, kuma ba sabon abu ba ne, tun 1965 shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar, shi kansa tsohon tica ne da ya koyar da 'ya'yan talakawa 'yan asalin Meziko a wani ƙaramin gari a Texas kafin ya shiga siyasa. An yi ta sabunta dokar, lokacin Bush ƙarami aka kira ta No Child Left Behind, a Disamba 2015 Obama ya sa hannu a wadda ake aiki da ita yanzu, ESSA. A 'yan shekarun nan kuɗin ya haura dala biliyan 18 a shekara. Masu cewa ai Trump ya ba da umarni a rufe ma'aikatar ilimi dan haka komai ya ƙare, eh ya sa hannu a umarnin a Maris 2025, amma Title I dokar majalisa ce, kuma ta girmi ita kanta ma'aikatar da shekaru sama da goma.

Maganar fom. Kuɗin idan ya sauko gundumar makarantu ana raba shi ne bisa yawan yara masu ƙaramin ƙarfi a kowace makaranta, wadda talakawanta suka fi yawa ita ake fara ba wa, kuma in sun kai kashi 40 cikin ɗari makarantar tana iya kashe kuɗin a kan kowane yaro ba sai an ware wasu ba. Toh ta ya za a ƙirga yaran? Fom ɗin da ke hannunki yana cikin hanyoyin. Mu nan New York tun 2017 kowane yaro ke cin abincin rana kyauta, shine iyaye da yawa suka daina cikawa suna cewa ai ko ban cika ba yarona zai ci, gaskiya ne zai ci, amma ba a ƙirga shi ba, in kuka yi yawa sai makarantar ta fito a takarda kamar ta masu hali, kuɗin ya ragu, ticar da ke zama da yara huɗu huɗu tana koya musu karatu a sallame ta. Kuɗin nan fa ba ke ake ba wa ba, ba tallafin gida ba ne da zai shiga sunanki ko na maigida, makaranta ake ba wa. Kuma tun 1982 kotun ƙoli ta yanke a shari'ar Plyler cewa kowane yaro yana da haƙƙin makarantar gwamnati ko iyayensa na da takardu ko babu. Ni duk fom ɗin da na taɓa cikawa ban ga inda aka tambayi biza ko girin kad ba. Amma tunda hankalin maigida bai kwanta ba kar ki yi gardama da shi, in yana da lauya a ɗauki hoton fom ɗin a tura masa, ya ji daga bakin lauyan ya fi ya ji daga bakinki, kin dai san mazanmu.

Yanzu mitin ɗin, nan ne nake so ki nutsu. Ranar da na fara zuwa wlh ba dan Allah na je ba, ɗana ne ya dame ni wai an ce ajin da iyayensu suka fi zuwa za a ba su fiza. Ƙarfe tara na safe aka saka, na taso daga aikin dare na kula da wata tsohuwa idona kamar an zuba yashi. Ɗakin cin abincin yara aka kai mu, bencin nan da aka haɗe da tebur da sai kin ɗaga ƙafa kin tsallaka, ni da zani da hijabi, makaranta mai yara ɗaruruwa amma iyayen da suka zo ba mu cika goma ba. Aka kunna majigi, shugabar makaranta ta yi ta wuce shafuka tana Turanci da gudu, wata tana fassarawa da Sifaniyanci, mu 'yan Afirka biyu ko oho. Cikin minti ashirin an gama, aka miƙo takarda muka sa hannu, aka ba mu kofi da donat, na tafi ina cewa ashe shiriritar kenan. Sai daga baya wata mata 'yar Dominika da muke jiran yara tare a bakin get ta fahimtar da ni cewa sa hannun nan da na yi shine shaidar da za a ajiye a fayil cewa an tuntuɓi iyaye kuma sun yarda. Na yarda da abin da ko ji ban yi ba. Abin ya tsaya min a rai.

Ga abin da dokar ta ce, sashe na 1116 ne in kina son dubawa. Duk gundumar da ke karɓar sama da dala 500,000 na Title I dole ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari dan harkar iyaye, kuma aƙalla kashi 90 na abin da aka ware makarantu za a tura wa, sannan dole iyaye su shiga cikin shawarar yanda za a kashe. Kar ki ji wannan ki ɗauka wani uban kuɗi ne. Ki ƙaddara gunduma ta samu miliyan goma, kashi ɗaya dubu ɗari kenan, a cire na ofis saura dubu casa'in, a raba wa makarantu talatin kowace dubu uku. A shekara fa. Ba zai gina aji ba. Amma dokar ta ce mitin a saka shi lokutan da iyaye za su iya zuwa, safe ko yamma, kuma ana iya ɗaukar kuɗin a biya mai riƙe yara ko kuɗin mota, kuma bayani a ba da shi da yaren da iyaye ke ji iya gwargwadon hali. Duk wannan yana rubuce, kawai in ba wanda ya nema ba wanda zai tashi ya kawo miki.

Shekarar da ta biyo mu biyar muka haɗa kai, ni da wata 'yar Maraɗi da biyu 'yan zangon Kumasi da wata Bafulatanar Gini. Ba mu yi faɗa ba ba mu ɗaga murya ba, abu uku muka rubuta a takarda muka kai wa mai kula da harkar iyaye, dan a makarantun New York akwai ma'aikacin da aikinsa kenan: a maida mitin yamma ko Asabar, a samo mai riƙe ƙanana, a samo tafinta. Na tafintan ne ya ba mu dariya da takaici, dan suna ganin an rubuta Nijar sai suka kawo mai Faransanci, baiwar Allah 'yar Maraɗin nan kuwa bonjur kawai ta sani, Hausa ce yarenta, 'yan Gana da mu 'yan Najeriya kuma an ɗauka Turanci muke ci muke sha. Dan haka duk inda aka tambaye ki yaren da kike so a yi miki magana da shi, in Hausa ce ki rubuta Hausa, kar ki ji kunya, ta waya ma ana samun tafinta. Kuma dan Allah kar ki bari a maida yarinyarki tafinta, na ga yaron da tica ke cewa yana faɗuwa a lissafi shi kuma yana ce wa uwar wai an ce yana ƙoƙari, tana ta murmushi tana godiya.

Abin da muka zaɓa a kashe kuɗin a kai, da ana sayen kyaututtuka ne da kayan ciye-ciye, mu muka ce a yi zama huɗu ranar Asabar a koya mana manhajar da ake duba maki da zuwan yaro aji, kowa ta zo da wayarta a saka mata a ba ta lambar sirri, sannan a nuna mana yanda suke koyar da lissafi dan ba irin namu ba ne, ni ina nuna wa yaro a ɗauko ɗaya a kai gaba shi yana zana akwatuna yana kuka wai tica ba haka ta ce ba. A zama na biyu ne na gano ɗana na tsakiya yana aji uku amma karatunsa na 'yan aji ɗaya ne, alhali duk rifot ɗin da ya kawo ina ganin lambobi biyu biyu ina murna wai ya zo na biyu, ashe a nan huɗu ce sama, biyu kuma yana ƙasa da inda ya kamata. Ranar na yi kuka a bas. Da na koma na tambaya sai ga shi akwai ticar karatu ta musamman da kuɗin Title I ɗin nan ke biya, aka saka shi a rukuninta, kafin ya gama aji huɗu ya kamo 'yan uwansa. Tana nan tun farko, ni ce ban san in nema ba.

Kinga mu tarbiyyarmu ita ce ka kai yaro ka ce malam ga amana, ka juya, in ka cika zuwa ma sai a ce ka raina malam. Ladabi ne a wajenmu. Su kuma nan uwar da ba ta zuwa ba ta tambaya, fassarar da suke yi mata ita ce ba ta damu ba, kuma tica mutum ce, yaron da ta san fuskar uwarsa daban yake a idonta ko ba ta faɗa ba. Ko hutun Sallah da yaranmu ke samu a makarantun New York tun 2015 ai ba daga sama ya faɗo ba, shekaru iyaye da masallatai suka yi suna bin sa.

Ba zan ɓoye miki ba, ba ko'ina ake samun haɗin kai ba. Makarantar da ƙaramata ta fara shugaban wajen takarda kawai yake so ta cika, ki kawo shawara ya ce madalla ya rubuta, shekara ta zagayo ba abin da ya canja, a ƙarshe na cire ta, amma saboda abin da na gani da idona ne ba dan an kira wajen Title I ba. Sunan yana gaya miki halin aljihun iyayen unguwa ne kawai, bai gaya miki ko ana koyarwa ba. Makarantu da yawa a Bronx haka suke, in kin gudu daga wannan wataƙila wata irinta za ki faɗa, ga nisa ga tashin asuba.

In kin je, ki nemi kwafin takarda biyu, tsarin makarantar kan shigar iyaye da kuma yarjejeniyar da ke tsakanin makaranta da iyaye, wadda ke cewa ga aikin tica ga naki ga na yaro, ki tafi da su gida ki karanta a nutse. Ki ɗaga hannu ki tambayi nawa ne kuɗin iyaye na bana kuma na bara me aka yi da shi, tambaya ɗaya tak, za ki ga an fara kallonki daban. Kina da ikon tambayar ko ticar yarinyarki na da satifiket ɗin abin da take koyarwa, kuma in aka bar aji sati huɗu a jere da wadda ba ta cika sharaɗin jiha ba dole su rubuto miki, dan haka ki daina zubar da takardun jaka irin yanda na yi, ki dinga zazzage ta duk yamma. In ranar ta zo daidai da aikinki ki kira ki ce a ba ki wani lokaci ko a turo miki bayanin, kar ki yi shiru kawai. Ki ja maƙwabciya ko ɗaya ce ku tafi tare, in maigida zai yarda ya bi ku ma ya fi, dan maza ba sa zuwa sam, ranar da namu ya je sau ɗaya har yau shugabar na tambayarsa. Kuma ki saka doguwar riga mai faɗi, bencin nan ba a yi shi dan mai zani ba.