Shekarun raino ba sa faɗuwa ƙasa banza a Birtaniya

'Yar'uwa, kin tambaya ko shekarun da kika ajiye aiki kina rainon yara za su rage miki fanshon gwamnati. Ba lallai ba ne. A Birtaniya, duk wanda ya yi rajistar Child Benefit, wato tallafin kuɗin rainon yara da gwamnati ke bayarwa, don yaron da bai kai shekara 12 ba, ana rubuta masa shekarar kamar ya biya National Insurance, wato kuɗin da ake cira daga albashi wanda da shi ake ƙirga shekarun fansho. Sai da irin waɗannan shekaru 10 ake fara samun fanshon, 35 kuma cikakke.

Inda mata ke asara shi ne, maigida ya yi rajistar da sunansa alhali yana aiki, ita kuma ta tashi a tutar babu. In haka ne, a cike takardar CF411A a mayar miki da shekarun. Wasu kuma sukan ƙi nema wai albashin miji ya haura fam 60,000 a shekara, za a sa shi mayar da kuɗin ta hanyar haraji. Kuskure ne! Ki yi rajistar, ki ce kada a turo kuɗin, shekarunki na nan. Kada ki yi sanya, wata 3 kawai rajistar ke komawa baya.

Amma fa in bizarku ta hana cin tallafin gwamnati, kada ki nema tukuna, don Child Benefit na cikinsa.