Na buge barewa a dajin Falgore, na kasa barci

Ɗan'uwa, sannu da wannan tashin hankali. Ka ce barewa ta faɗo maka da dare a hanyar Kano zuwa Jos, ka buge ta ba ka tsaya ba, kuma har yanzu kana ganin ta tana shure-shure a bakin kwalta.

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, ga fitila da ke kashe wa dabba ido ta tsaya cak. Kafin ƙafarka ta kai birki, mai afkuwa ta afku. Da ka fizge sitiyari don ka kauce mata, kuskuren da direbobi kan yi ke nan, da wataƙila fasinjojinka ake wa jana'iza. Rashin tsayawarka ma daidai ne, dajin nan ba wurin tsayawa ba ne da dare.

Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ɗauke laifi a kan kuskure. Ka yi sadaka, ka rage gudu daga magariba zuwa asuba. Kada ka bar abin a cikinka.

Idan wata ya wuce hannunka na rawa a kan sitiyari, ga mugun mafarki, je ka ga likitan ƙwaƙwalwa, ba abin kunya ba ne.