Me ya sa jita take ɗaukewa a gem, ganga kuwa ta ci gaba?

Tambaya biyu ka yi mini a haɗe, ɗana. Ta farko a kan kiɗan jitar nan na Eric Johnson, "Cliffs of Dover", da ka ga ana bugawa a gem ɗin bidiyo na kaɗa jita, Guitar Hero III: me ya sa in mai wasa ya kuskure maɓalli jita take ɗaukewa ɗif, ganga da bes (jitar nan mai kaurin murya) kuwa su ci gaba abinsu. Ta biyu, ko za mu iya yin haka da faifan da ke wayarka. Amsar ta biyu gajeriya ce, ba zai yiwu yadda kake so ba. Ta farkon ce mai tsawo, ja kujera.

Eric Johnson mutumin Austin ne a jihar Texas ta Amurka. Kiɗan ya fito a kundinsa Ah Via Musicom a 1990, ya kuma ci kyautar Grammy a 1992 a rukunin kiɗan rok marar waƙa. Babu muryar kowa a ciki, jita ce take rera abin da mawaƙi zai rera. Yawancinsa da Gibson ES-335 ya kaɗa. Sautin ya bi ta wani ɗan akwati mai ƙara masa kauri da tsawon numfashi, Tube Driver, da na'urar amsa-kuwwa mai aiki da tef, Echoplex, sannan ya faɗa amfilifayar Marshall, makirufo na tsaye a gaban sifika. To ka lura da nan. A manyan situdiyo, abin da wannan makirufo ya ji layinsa daban ake ba shi. Bes na da nasa layin, ganga ma tana cin layuka da yawa ita kaɗai. Sai an gama ɗauka injiniya yake zama gaban miksa ya daidaita su, ya sauke su duka zuwa layi biyu, hagu da dama. Waɗannan biyun su ne abin da kake ji a waya. Miya ce da aka riga aka kaɗa, ba mai tsame maka daddawa daga ciki.

Masu gem ba sa karɓar wannan. Jitar robar da yaro yake rataye da ita ba ta fitar da sauti ko kaɗan. Maɓallai biyar ne a wuyanta, kore, ja, rawaya, shuɗi da ruwan lemo, sai wani ɗan harshe da ake kaɗawa da ɗaya hannun. Kiɗan yana tafiya a cikin na'ura a layuka daban-daban, a lokaci guda. In ka danna daidai, a bar layin jita a buɗe. In ka kuskure, a rufe shi, a jefo maka wata ƙara mai cin rai, sauran layukan ba abin da ya same su. Iyakar sirrin ke nan. Wahalar tana wajen samun layukan.

Shi ya sa Guitar Hero na farko, wanda kamfanin Harmonix ya yi a 2005, yawancin manyan waƙoƙinsa ba na asali ba ne. Wani situdiyo a Kalifoniya, WaveGroup Sound, shi ya sake kaɗa su da nasa makaɗan, yana kwaikwayon kowane lanƙwasa na tsirkiya. Da gem ɗin ya yi kasuwa, zuwa na uku a 2007, masu waƙoƙi suka fara ba da layukansu na asali. Sai wata matsala ta fito. Ƙungiyar Sex Pistols ta Ingila sai da ta koma situdiyo ta sake ɗaukar "Anarchy in the U.K.", waƙar da ta fito tun 1976, don an nemi tef ɗin asali mai rarrabe layuka an rasa. Waƙa ta zaga duniya, amma uwar aikin ta ɓata.

Ko layukan suna hannu, aiki bai ƙare ba, kuma nan ne nake so ka buɗe kunne, don ya shafe ka. Akwai yoyo. In an kaɗa jita da ganga a ɗaki ɗaya, makirufon ganga zai sha jita, musamman waɗanda ake ratayawa a sama saboda farantan ƙarfen da mai ganga yake bugawa. Ka rufe layin jita, sai ka ji ta can ƙasa-ƙasa tana ci gaba. A faifai wannan ba laifi ba ne, wani lokaci ma shi ke sa kiɗa ya yi rai. A gem kuwa ya ɓata wasan, don mai kuskure bai ji zafin kuskurensa ba. Sannan akwai amsa-kuwwa. In an ɗauke ta tare da jitar, kamar yadda take faruwa in Echoplex na gaban amfilifaya, to rufe layin zai tafi da su duka. In kuwa a miksa aka sa ta a wani layi dabam, dole ka tuna ka haɗe ta da jitar, in ba haka ba jita ta yi shiru kuwwarta na ta amsawa ita kaɗai.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne mai jera maɓallan. Mutum ne yake zama da kwamfuta yana saurare, yana sa kowane maɓalli a gurbinsa, kuma sau huɗu, don matakan wahala huɗu ne. A mafi sauƙi maɓallai uku kawai ake taɓawa, a biyun ƙarshe duka biyar. Jita ta gaske tsirkiya shida gare ta da gurabe sama da ashirin a wuyanta, shi kuwa launi biyar aka ba shi, don haka sai dai ya bi hawa da saukar sautin: in ya yi sama a nufi ruwan lemo, in ya sauko a dawo kore. Saurari buɗewar "Cliffs of Dover" da kyau. Kafin ganga ta shigo, Johnson shi kaɗai yake zuba gudu, ya ja nan, ya saki can, babu bugun da ke riƙe da shi. Kai da ka saba ka sa tempo, wato saurin bugu, a 100 a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio komai ya hau layi, a nan ba za ka samu haka ba. Sai dai ka lanƙwasa ma'aunin ya bi makaɗin, gaɓa bayan gaɓa. A ganina wanda ya iya wannan ya fi mai haɗa sautin kunne.

Na san za ka ce ai yanzu akwai manhajojin da ke raba murya da kiɗa daga faifai. Akwai, ina amfani da su in ta kama. Suna yin ƙoƙari da murya da ganga. Amma jita mai kaurin sauti tana zaune wuri ɗaya da farantan ganga da fiyano, sai abin ya fito yana ɓulɓul kamar daga ƙarƙashin ruwa. Don gwaji ya isa, ba dai a sayar wa wani ba.

Mu a situdiyon nan ba kamfanin gem ne zai ƙwanƙwasa mana ƙofa ba, amma buƙatar iri ɗaya ce. Mai fim zai zo yana son kiɗan ba murya, mawaƙi zai zo bayan shekara biyu yana son a canza baiti ɗaya, mai biki yana son a cire sunan wata amarya a sa na wata. In an goge aikin don hadis, wato ma'ajiyar kwamfuta, ya cika, an bar MP3 kawai, sai a sake daga farko.

Saboda haka daga waƙar da muke kai yanzu, kafin ka rufe aiki ka fitar da kowane layi shi kaɗai a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, bit 24, kuma duka su fara daga sifiri ɗaya, ko da kayan kiɗan bai shigo ba sai a minti na biyu. Jita ka fitar da ita kashi biyu, ɗaya busasshiya, ɗaya da amsa-kuwwarta. Ka rubuta tempo a jikin sunan folda. Kwafi ɗaya a kwamfutar nan, ɗaya a hadis ɗin da ke cikin durowata, makullin yana wajena, ka karɓa bayan La'asar.