Da gaske Patriots sun yi leƙen asiri?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske New England Patriots, ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin na Amurka (American football), ta taɓa leƙen asirin abokan karawarta. Ƙwarai kuwa. A Satumbar 2007, a wasansu da New York Jets, aka kama ma'aikacinsu a gefen fili riƙe da kyamara, yana ɗaukar alamun da kociyoyin Jets ke yi wa 'yan bayansu da hannu. Wanda ya gane alamun nan, ai ya san dabararka tun kafin a taɓa ƙwallo.

NFL, hukumar da ke gudanar da gasar, ta ci tarar kocin Patriots Bill Belichick dala 500,000, ƙungiyar kuma 250,000, sannan ta ƙwace musu zaɓen zagayen farko na sababbin 'yan wasa na 2008. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya har yau shi ne yadda shugaban NFL, Roger Goodell, ya sa aka lalata kaset-kaset ɗin.