Amsa ga mai ƙaiƙayin tafin hannu da ƙafa a wata bakwai

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da jiki. Kin ce cikinki ya shiga wata bakwai, tafin hannu da na ƙafa suna miki ƙaiƙayi, da dare abin ya fi tsanani, kuma ba ƙurji ko ɗaya. Na ga masu cewa zafi ne, da masu cewa jaririn ne mai gashi. Don Allah ki je asibiti gobe, kar ki jira ranar awo.

Na yi irinsa a cikin ɗana na biyu. Har buroshin wanki nake ɗauka in goge ƙafa, in zauna tsakar dare ƙafafuna cikin bokitin ruwan randa. Man kaɗanya da hodar zafi ba abin da suka yi, don matsalar ba a fata take ba. Hanta ce. Sinadaran ciki ne ke sa ruwan maɗaciya ya daina gangarawa yadda ya kamata, sai ya taru a jini. Likitoci na ce masa kolestasis.

Ki faɗa musu da bakinki a ina yake miki da kuma cewa ba ƙurji, ki roƙi gwajin hanta da na sinadarin maɗaciya a jini. In ba haka ba, a layin awo mai cunkoso piriton za a miƙo miki a ce mai bi. Gwajin maɗaciyar ba kowane asibiti ke yinsa ba, ni sai da aka tura ni wani ɗakin gwaji a waje. Lambar da ya nuna ita ce abin dubawa: daga 19 ake cewa ciwon ne, in ta kai 100 haɗarin mutuwar jariri a ciki na ƙaruwa sosai, shi ya sa ake haihuwa tun sati 35 zuwa 36. Wani lokaci ƙaiƙayin kan riga sakamakon bayyana, to in ya fito lafiya amma kina ta susa, a maimaita. A duba miki hepatitis B ma, yana da yawa a wajenmu.

An ba ni maganin da ake kira urso. Ya ɗan rage, amma gaskiya barci bai dawo ba sai da na sauka. Jiƙe-jiƙen ciwon shawara kuwa, ko wa ya kawo, ki ajiye, hantar da ma a wahale take.

In fitsarinki ya yi duhu, ko ido ya yi ɗorawa, ko motsin yaron ya ragu, a daren za ki tafi. Ni ruwan naƙuda aka sa min kafin lokaci, surukata ta yi ta faɗa wai an yi gaggawa, amma yaro ya zo lafiya, ƙaiƙayin kuma ya ɗauke bayan 'yan kwanaki. Yakan dawo a ciki na gaba, don haka ki sa a rubuta a katinki, ki kuma ambata kafin a ba ki ƙwayar tazarar haihuwa. Allah Ya raba lafiya.