Jijiyar da aka dasa min a gwiwa ta yi haske a hoton MRI, ta lalace ne?

Tambaya: Likita, ni ɗan ƙwallo ne a Jos. Jijiyar tsakiyar gwiwata da ake kira ACL ta tsinke, aka yi min tiyata aka dasa wata daga bayan cinyata. Yau wata 6. Hoton MRI, na na'urar da ke nuna cikin jiki, ya nuna ta yi haske maimakon baƙi. Aikin ya ɓaci ke nan?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, hasken kaɗai ba ya nufin aiki ya ɓaci. Lafiyayyar jijiya baƙa take fitowa a MRI saboda ba ta da ruwa sosai, kuma haka dasasshiyar take a makonnin farko. Daga baya jiki yakan shigar mata da ƙananan hanyoyin jini da sabbin ƙwayoyin halitta, ruwan cikinta ya ƙaru, sai ta yi haske, galibi tsakanin wata 4 da 8. Kafin ta koma baƙa sai an shekara, wani lokaci har 2. Sai dai a wannan tsakanin ba ta gama ƙwari ba, don haka kar ka yi garaje.

Abin da mai karanta hoton ke bi shi ne zaren jijiyar: yana tafe a haɗe daga ƙashin cinya zuwa na ƙwauri, ko ruwa ya ratsa shi ya raba biyu? Wannan na biyun shi ne tsinkewa. Yakan kuma duba ramukan da aka huda a ƙashi don zura jijiyar. Idan na ƙwauri ya cika yin gaba, ƙashin cinya zai riƙa matse jijiyar duk lokacin da ka miƙe ƙafa. Akwai kuma wani ƙullutun tabo da kan fito a gabanta, ya hana gwiwa miƙewa ɗoɗar. MRI na kama shi sarai, a cire da ƙaramin aiki.

Ka faɗa wa masu ɗaukar hoton irin ƙusar da aka ɗaure jijiyar da ita. Ta ƙarfen titaniyam ba ta hana shiga na'urar MRI, amma takan dusashe hoton gefenta.

A ganina, in gwiwar ba ta gocewa, ba ta kumbura, ba ta maƙalewa, sake hoto ɓarnar kuɗi ne. Hannun likitan ƙashi da gwajin mai gashin ƙashi su ke yanke hukuncin komawa fili: ƙarfin cinyar da tsallen ƙafa ɗaya su kai kashi 90 cikin 100 na lafiyayyar ƙafar, kuma a cika aƙalla wata 9.