Amsa ga ƙanwata da aka yi wa maigidanta taransifa zuwa Jos

Salamu alaikum ƙanwata. Na ga tambayarki tun jiya da daddare, kika ce siginal, wato umarnin canjin wajen aiki, ya fito an mayar da maigidanki Jos daga Kaduna, ba ku da tabbas ɗin samun kwata a bariki, kuma wani dillali ya turo muku hotunan gida kusa da barikin Rukuba yace in ba ku biya cikin sati biyu ba wani zai ɗauka, har kina shirin saida gwal ɗinki ki haɗa da kuɗin adashinki a cika. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, domin kamar labarina kike bayarwa. Ni ma matar soja ce, maigidana yayi ritaya yanzu, na zauna bariki biyar da shi, dan haka ki yi haƙuri da tsawon rubutun nan, so nake ki ji abinda ni ban samu wanda zai gaya min ba.

Shawarata kai tsaye, kar ku saya yanzu. Ba wai kar ku mallaki gida ba, a'a, wannan kam dole ne, duk wadda ta ga yanda iyali ke kwashe kaya daga kwata bayan ritaya ko bayan rasuwa ba zata ce miki ki zauna haka ba. Amma sati biyun da ke tsakanin fitowar siginal da ranar da zai je ya kai kansa shine mafi munin lokacin da mutum zai fidda kuɗin da ya shekara da shekaru yana tarawa. Hankalinku a rabe yake, ga ɗaurin kaya, ga makarantar yara, ga kuɗin mota, shi kuma oga tunaninsa na kan sabon wajen aiki, kuma dillalai sun san haka sarai, shiyasa kullum maganarsu ɗaya ce, akwai wani a bayanku da kuɗi a hannu.

Mu ma Jos ɗin aka kai mu, daga barikin Jaji da ke jihar Kaduna. Muka iso da sanyin nan na hunturu mai shiga ƙashi, babu kwata, akace mu jira a jerin suna, muka raɓa a ɗaki ɗaya wajen wata baiwar Allah 'yar garinmu da yara uku da kaya jibge a baranda an rufa musu leda. Duk wadda ta taɓa zaman raɓe ta san yanda zuciya ke yi, ko bukka aka nuna miki zaki ce a biya. Sai ga dillali da gida ciki biyu da falo, an sha sabon fenti, da rijiya a tsakar gida. Akace gidan gado ne magada na son su raba kuɗi. Maza biyu suka zo, aka zauna gaban mai unguwa, aka rubuta takarda da hannu aka buga hatimi, maigidana ya sa hannu da kakinsa a jiki domin daga nan wajen aiki ya wuce. Ni ko wajen ban je ba, alhali kusan rabin kuɗin nawa ne, sarƙata da 'yan kunnena na aure da kuɗin ɗinkin da nake yi.

Ba mu cika shekara a ciki ba aka kafa runduna ta bakwai a Maiduguri a 2013, aka kwashi mutane daga ko'ina, sunansa ya fito. Waɗanda suka ga lokacin sun san yanda akayi, an sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa tun watan Mayu, an katse layukan waya, sai kiyi makonni baki ji muryar mijinki ba, in kin ji labari to a bakin wani da ya zo fas ne, wato ɗan hutun da ake ba soja ya leƙo gida. A cikin wannan halin ne wata rana da hantsi ina tsugune bakin rijiya ina wankin kayan makaranta, ga tsohon ciki, akayi sallama. Wata mata ce da mayafi ruwan toka da wani dattijo, ta tsaya tana kallon bishiyar gwaiba da ke tsakar gidan sai hawaye, tace babanta ne ya dasa. Ashe 'yar mai gidan ce da ke aure a wani gari, 'yan uwanta maza suka saida ba da saninta ba, ko sisi basu bata ba. Ban iya ce mata komai ba, tabarma na shimfiɗa musu na kawo ruwa hannuna na rawa. Kuma har ga Allah matar nan tana da gaskiya, haƙƙinta ne Allah ya bata.

Magana ta kai kotu. A nan na gane kuskurenmu na biyu, sunana baya ko'ina a takarda, kuma maigidana bai bar min takardar wakilci ba, wanda ya saya yana filin daga ba a samunsa, ni kuma a idon shari'a matar mai gida ce kawai. Ayi ta ɗaga zama ana jiran mutumin da bai da ikon cewa ga ranar da zai zo. Sai da ya samu fas bayan watanni, manya suka shiga akayi sulhu, muka sake ciro kuɗi muka biya ta kasonta domin waɗancan sun riga sun cinye nasu. Wato mun sayi wani ɓangare na gidan sau biyu.

Sannan damina ta nuna mana abinda fenti ya rufe. Da rani muka saya, ruwan Agusta na Jos kuwa ba wasa ba, bangon ɗakin yara ya jiƙe har gwiwa, katifa sai mun ɗora kan bulo. Ki sani kuma ƙasar Jos ƙasar haƙar kuza ce tun zamanin Turawa, akwai tsofaffin ramuka da kududdufai, wani wajen cike shi akayi aka yi gini a kai, baƙo ba zai gane ba sai ɗan gari. Akwai kuma maganar da mutane basa son faɗa a fili amma dole in gaya miki, tun rikicin 2001 da na 2008 da 2010 zaman unguwanni ya canza a garin, kowa ya san inda hankalinsa zai kwanta ya bar iyali in baya nan. Akwai mutanen kirki ta kowane ɓangare, ni maƙwabciyar da ta riƙe min yara ranar da na haihu ba addininmu ɗaya ba. Amma wannan abu ne da sai kin zauna kin gani da idonki, hoto a WhatsApp ba zai gaya miki ba.

Daga baya aka mayar da shi Sakkwato, barikin Giginya, muka zuba ɗan haya. Shekarar farko ya biya, ta biyu sai labari, in ka kira yace rufi na yoyo ya gyara da kuɗin hayar, wa zai taso daga Sakkwato ya zo Jos duba kwano? Ƙarshe saidawa mukayi, kuma da yake kowa a unguwar ya san gidan ya taɓa shiga kotu, yanda aka taya haka muka sallama.

Kinga soja ba shi ke da ƙafarsa ba. Yau Kaduna, gobe Ibadan ko Inugu ko Fatakwal ko Legas, kuma ko an rubuta Jos a takarda ba lallai ya kwana Jos ba, ana iya tura bataliyarsu wani daji wata shida ko shekara ko fiye. Dan haka tambayar da zaku zauna ku yiwa kanku ita ce, ranar da ya ajiye kaki ina zamu sauke kaya? A ƙa'ida shekara 35 ce iyakar aikin. In amsar Jos ce, ko ku 'yan can ne, ko saura masa shekara biyu uku ya gama, to maganar saye ta taso, amma duk da haka ku kama haya tukun ku ga damina ɗaya ta wuce. In kuwa amsar garinku ce, to can kuɗin nan ya kamata ya tafi. Ni da a Kaduna kuke da niyyar zama ma da nace ku duba can tunda kun riga kun san garin, kuma gari ne da soja ke yawan zagayowa, ga runduna ta ɗaya, ga makarantar horar da hafsoshi ta NDA, ga Jaji, da wuya mutum ya gama aiki bai sake ratsawa ta nan ba.

Abinda mukayi karo na biyu kenan. Fuloti muka saya a Zariya kusa da 'yan uwana, wannan karon ni na tsaya da ƙafata da yayana da lauya. Kuɗin lauya da mutane ke ƙyashi bai kai kashi ɗaya cikin goma na abinda muka yi asara a wancan ba. Lauyan ne ya fahimtar dani cewa tun dokar filaye ta 1978 ƙasa a hannun gwamnan jiha take, takardar C of O da kike ji izinin zama ne yawanci na shekara 99, kuma in mai ita zai saida miki sai an nemi amincewar gwamna kafin sunanku ya hau. Takardar mai unguwa shaida ce cewa anyi ciniki, tana da amfaninta, amma bata hana wani ya fito da wadda ta fi ta ƙarfi. Muka je KADGIS, ofishin bayanan filaye na jihar Kaduna, aka bincika lambar filin, aka ga sunan wanda ke kai da ko an jinginar da shi a banki, safiyo ya zo ya auna ya nuna mana duwatsun iyaka. A Filato ofishinsu PLAGIS ne, a Kano KANGIS, Abuja AGIS. Duk mai gidan da yace ba sai anje bincike ba, ko yace takarda na wajen wani yayansa za a kawo bayan an biya, ku tashi ku bashi waje. In gidan gado ne kuma, dan Allah ku nemi takardar rabon gado ta kotu, ku ƙirga magada ɗaya bayan ɗaya har mata da ke gidan aure da marayun da ubansu ya rasu, kowa ya sa hannu ko ya turo wakili a rubuce. Kuɗi kuma ta banki, kar a miƙa a leda.

Wani abu da ya shafi kusa da bariki musamman, tunda kince gidan a nan yake. Mu matan sojoji muna son kusa da geti saboda tsaro da asibiti da makarantar yara da kasuwar mami, dillalai kuma na ƙara kuɗi saboda haka. Amma filin bariki yafi katangar da kike gani faɗi nesa ba kusa ba, akwai wuraren da mutane suka yi gini shekaru sannan hukuma ta zo tace filinta ne. Maigidanki na da hanyar da farar hula bashi da ita, ya tambaya a cikin barikin a nuna masa inda iyakarsu ta tsaya kafin ya saurari kowa.

Ginin namu a hankali mukayi, in alawus ya shigo a sayi bulo, in na ɗauki adashi a sayi rodi, muka kai linta muka tsaya kusan shekara biyu kango na shan rana, mutane har suna mana magana. Alhamdulillahi mun rufa kafin tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a 2023, lokacin da buhun siminti ya haura naira dubu goma a farkon 2024. Na san wannan tsadar ce ke sa ku gaggawa, kuna ganin kuɗi na narkewa a asusu, kuma kuna da gaskiya. To ku sa shi a fili mai takarda a inda kuka sani kuma kuke da mai duba muku, shima ai tashi yake.

Maigidanki ya kuma duba takardar albashinsa ko ana cire masa kuɗin asusun gidaje na ƙasa, kashi biyu da rabi cikin ɗari ne na albashi, masu biya na da damar neman rance ta bankin bada lamunin gidaje na tarayya a biya har shekara 30, sai dai akwai ruwa kashi shida, mu saboda wannan muka bari, ku tambayi malaminku. Akwai bankunan da basa harka da ruwa irin su Jaiz da TAJ in kuna son ku ji tsarinsu. Rundunar sojan ƙasa ma tana da kamfaninta na gidajen bayan ritaya, PHDL, kuma zamanin marigayi Janar Lagbaja yana babban hafsan sojan ƙasa an fito da shirin mallakar gida na sojoji da ake kira AHOOAS, ya je ofishinsu da kansa ya ji sharuɗɗan, kar ya tsaya jin ta bakin abokai.

Sai maganar gwal ɗinki, wadda ita tafi damuna. Ban ce kar ki taimaki mijinki ba, nima nayi kuma zan sake. Amma a rubuta. In bashi kika bashi a rubuta bashi ne da shaidu biyu, in kuma haɗin gwiwa ne sunanki ya hau takardar da kason da kika zuba. Ba rashin yarda bane, aikinsu ne ya gaji haka, suna fita ne bamu san dawowarsu ba. Na ga mata a bariki da idona, miji ya rasu a bakin aiki, gida da sunansa shi kaɗai, aka zo rabo aka bata tumunin takaba cikin gidan da da kuɗinta aka yi rabinsa, in akwai kishiya ma su raba tumunin, kuma bata da takardar da zata nuna. Ki samu lokacin da hankalinsa ke kwance ki faɗa masa da lafazi mai daɗi, in kina jin nauyi ki sa babban yayanki ko wani da yake jin maganarsa. Haka kuma kafin ya tafi ko'ina ya bar takardar wakilci a hannun lauya da sunanki ko na wanda kuka yarda da shi, ya kuma duba sunan wa ya rubuta a matsayin magajinsa a fayil ɗinsa na aiki, da yawa tun suna kurtu a Daffo, inda ake horar da sababbin sojoji, suka sa sunan uba ko wa basu sake waiwaya ba har suka yi aure suka haifi yara.

Yanzu dai abinda zakuyi, ku bar shi ya fara zuwa shi kaɗai ya kai kansa ya sa suna a layin kwata, ke ki zauna da yara su ƙarasa zangon karatun nan in da hali. In ya kwana biyu ya gane gari sai ya kama muku haya ta shekara ɗaya. Da kin iso ki nemi magajiya, wato shugabar matan bulok ɗin da mutanen bataliyarsu suke, ki gaisheta, matan nan sun san kowace unguwa da kowane dillali da gidan da ruwa ke shiga. Shi kuma mai cewa sati biyu ku gaya masa kuna son lambar takardar gidan lauyanku zai je bincike, ku ji abinda zai ce. Allah ya kai ku lafiya, ya tsare mana su duk inda suke, ki sayi rigunan sanyi na yara tun daga Kaduna kafin ku taho.